Continue, resume, go on, keep, carry on ko proceed: wacce ta dace idan "ci gaba" kake nufi?

Bahaushe zai ce "ci gaba" a wurare biyar daban-daban, maganarsa ta zauna daram a duk biyar ɗin. Malami ya ce wa ɗalibi ya ci gaba da karatu. Direba ya ci gaba da tafiya bayan an duba takardunsa. Ruwa ya ci gaba da sauka har asuba. Majalisa ta ci gaba da zama bayan hutun sallah. Zazzaɓi ya ci gaba duk da maganin da aka sha. Da an zo Turanci, yawancin masu koyo kalma ɗaya suke riƙe wa dukkansu, wato continue, kuma lallai za ta shiga kusan ko'ina ba tare da an karya nahawu ba. Illar ita ce wani abu yakan salwanta a hanya. Mai karatu ba zai gane an tsaya ne aka dawo ko ba a taɓa tsayawa ba, ba zai ji ko yabo ake yi ko ƙorafi ba, wani lokaci kuma a ji mutum yana yi wa abokinsa magana da harshen takardar ofis.

Dabarar da ta fi aiki tana cikin Hausar kanta. Kafin ka nemi kalmar Turanci, sake faɗin maganar ba tare da "ci gaba" ba. In "ya yi ta yi" ko "ya dinga" ce ta zauna, keep kake nema. In "aka koma" ko "aka ɗora daga inda aka tsaya" ce, resume ce. "Ya zarce" tana kai ka ga proceed ko "go on to". "Ya nace" ta persist ce, "ya ɗore" ko "ya ɗauki wata uku" kuma ta last. Sai in babu wadda ta zauna a cikinsu ne continue take zama zaɓi na farko. Hausa ta riga ta raba waɗannan ma'anoni, abin da ya rage shi ne sanin yadda kowace kalmar Turanci take haɗuwa da abin da ke biye da ita, domin a nan ne maki yake zubewa a WAEC da NECO da JAMB.

Continue ta shigo Turanci ne a ƙarni na 14 ta hanyar Faransanci, asalinta kuma Latin ne. Haka proceed da resume da persist, duk daga Latin suke. Go da keep kuwa tsofaffin kalmomin Ingilishi ne na gida. Wannan tarihin yana da amfani ga mai zaɓe, saboda har yau kalmomin da suka fito daga Latin su ne na rubutu da ofis da kotu, na gida kuma su ne na hira. Continue ta faɗo tsakiya: ba ta yi nauyi a baki ba, ba ta kuma yi sakaci a takarda ba. Wanda yake shakka a wasiƙar neman aiki ko a rahoto, ita ce mafakarsa.

Ma'ana biyu take ɗauke da su. Ta farko, abu bai tsaya ba: "The rain continued all night." Ta biyu, an tsaya an dawo: "We shall continue after the break." Jimlar ce take nuna wacce ake nufi, kuma in jimlar ba ta nuna ba, an bar mai karatu cikin duhu. Ɗauki labarin aikin hanya. Ɗan jarida ya rubuta "Work on the road has continued", mai karatu zai ɗauka 'yan kwangila ba su taɓa barin wurin ba. In kuwa sun yi wata shida ba su nan sannan suka dawo, abin da ya faru shi ne "Work on the road has resumed." Jimla ta farko ta ɓoye watanni shida, ko da marubucin bai yi niyya ba.

Ta fuskar gini, continue ta fi 'yan'uwanta sauƙin kai. Tana ɗaukar suna kai tsaye, "continue the lesson", tana kuma ɗaukar "with", "continue with the lesson". In aikatau ne zai biyo baya, hanya biyu ce kuma ma'anarsu ɗaya: "She continued to read" da "She continued reading". Littattafan makaranta da dama suna tsayawa a nan, alhali akwai wurare biyu da ɗaya ta fi ɗaya. Idan ita kanta continue ta ɗauki "-ing", to abin da zai biyo baya da "to" yake zuwa: "Prices are continuing to rise", ba "continuing rising" ba, don kunnen Bature ba ya son "-ing" biyu a jere. Haka nan aikatau masu nuna hali ko yanayi, irin su be da exist da believe, sun fi zama da "to": "He continues to be our chairman." Abin da ba ya yiwuwa sam shi ne a haɗa biyun, "continue to reading", ko a bar aikatau tsirara, "continue read". Waɗannan biyun kurakurai ne da ake yawan gani a takardun ɗalibai.

Wajen rubutawa, harafin "e" na ƙarshe yana faɗuwa a continuing, kuma continuous tana da "u" kafin "ous", wadda mutane da yawa suke mantawa su rubuta "continous". Wajen furuci, ƙarfin murya a gaɓa ta biyu yake, kan-TIN-yu. Akwai kuma wurare biyu da kalmar take da ma'ana ta musamman. A kotunan Amurka, in aka ce alƙali ya "continue" wata shari'a zuwa wata rana, ɗage ta ya yi, kuma ɗagewar ana kiranta "continuance". A Najeriya adjourn ake cewa, saboda haka mai fassara labaran ƙasashen waje ya kula, kada ya rubuta "an ci gaba da shari'a" a inda ɗage ta aka yi. Masu koyon rubuta manhajar kwamfuta kuma za su tarar da continue a harsuna irin su Python da Java da C, inda take nufin a tsallake abin da ya rage a wannan zagayen na aikin da manhajar ke maimaitawa a shiga na gaba.

Resume ita ce kalmar da ta fi cancantar a daɗe a kanta, domin ita ce Turancin Najeriya ya fi miƙar da ma'anarta. Sharaɗinta ɗaya ne: sai an taɓa fara abu, an dakata, sannan a resume. Tana ɗaukar suna kai tsaye, "resume work", "resume talks", ko aikatau mai "-ing", "resume talking". Ba ta ɗaukar "to", don haka "resume to work" kuskure ne ta kowace fuska. Ba ta kuma buƙatar "back" ko "again", tunda "re-" da ke farkonta ta riga ta faɗi haka. Ana furta ta da sautin "z", ri-ZUM ko ri-ZYUM.

Sau da yawa za ka karanta cewa sabon kwamishina ya "resume office". Mutumin da aka naɗa jiya bai taɓa zama a kujerar ba, to me zai koma wa? Kama aiki a karon farko shi ne "assume office" ko "assume duty". Komawa bakin aiki bayan hutu ko jinya ko dakatarwa ita ce "resume duty". A takardun gwamnati bambancin ba ƙarami ba ne, domin "date of assumption of duty" ita ce ranar da ma'aikaci ya fara aiki a wurin, "date of resumption" kuma ranar da ya dawo daga hutu. Wanda ya musanya su a fom ya rubuta ranar da ba ita aka tambaye shi ba.

Haka "I resume at eight", da nufin ƙarfe takwas nake shiga ofis kullum, da "Students will resume on Monday". A Najeriya kowa ya gane su, jaridu ma suna amfani da su, kuma babu dalilin da zai sa a tsangwami mai faɗinsu a Kano ko Kaduna. Amma mai rubuta jarrabawar IELTS ta gwada iya Turanci ko wasiƙa zuwa wata jami'a a waje ya fi tsira da "I start work at eight" da "Classes resume on Monday" ko "Students return on Monday". A Turancin Ingila da Amurka darasi ne yake resume, ɗalibi kuma dawowa yake yi, sai dai a ce ya "resume his studies".

Masu karatu a Nijar da Kamaru da Chadi waɗanda suka fara da Faransanci suna da nasu tarkon. "Résumer" a Faransanci taƙaitawa ce, resume ta Turanci kuwa daidai take da "reprendre". Ɗalibin da ya rubuta "I will resume the text" da nufin zai taƙaita, ya ce ne zai koma kan karatun. Summarise ya kamata ya ce. Haka "bonne continuation", wadda ake yi wa mutum fatan alheri da ita, ba ta da 'yar'uwa "good continuation" a Turanci, "all the best" ake cewa. Ita kuwa "résumé" mai alama a kan wasula, a Amurka takardar tarihin karatu da aiki ce, wadda muka fi sani da CV.

"Go on" ita ce ta hira. Abokinka yana ba ka labari ya tsaya, "Go on" za ka ce masa. In ka ce "Continue" ba ka yi kuskure ba, sai dai ka yi kama da malami a aji, in kuwa ka ce "Proceed" ka zama alƙali. Ba ta ɗaukar karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, kai tsaye, dole sai da "with": "go on with your work", ba "go on your work" ba. Shuɗaɗɗen lokacinta "went on" ne, da "has gone on".

A nan ne "to" da "-ing" suke raba hanya, saɓanin yadda suke a continue, kuma masu tsara tambayoyin jarrabawa suna son wannan wuri ƙwarai. "He went on talking about the budget" na nufin kan kasafin kuɗin yake tun farko, bai sauka ba. "He went on to talk about the budget" na nufin ya gama wani batu, sannan ya shiga na kasafin kuɗi. Ta farko aiki ɗaya ne da bai yanke ba, ta biyu sabon mataki ne. Shi ya sa ake samun ta biyun a tarihin mutane: "She studied law and went on to become a judge", ta karanci shari'a, daga baya ta zama alƙaliya. In aka rubuta "went on becoming" jimlar ta lalace. Gwajin Hausa a nan shi ne, in za ka iya sa "daga nan sai" ko "daga baya", to "to" ce.

Akwai wani rikicin da ya fi wannan haɗari ga mai fassara. A "go on strike", "go on leave" da "go on holiday", babu ma'anar ci gaba ko kaɗan, shiga ake nufi. "The doctors went on strike" na nufin likitoci sun tsunduma yajin aiki. "The doctors went on with the strike" na nufin sun ƙi janyewa. Ƙananan kalmomi biyu tak, "with the", su suka raba ranar farko da mako na biyar. Ban da haka, "What is going on?" me ke faruwa ce, "go on and on" kuwa surutu ne da ya ƙi ƙarewa har ya gunduri mai sauraro.

Keep ita ce "yi ta" da "dinga". Dokarta gajeruwa ce kuma ba ta da togiya: in aikatau ne zai bi ta, sai mai "-ing" kaɗai. "Keep trying", "keep walking". "Keep to try" babu ita a Turanci. Abin da ya raba ta da continue shi ne tana iya nuna maimaici, abu yana faruwa yana sake faruwa. "My phone keeps switching off" wayata sai mutuwa take yi, ta mutu a kunna, ta sake mutuwa. "He keeps asking for money" kullum cikin roƙo yake. Ka lura da ƙosawar da ke cikin jimlolin nan biyu, keep tana yawan ɗaukar ta, in aka ƙara "on" kuma, "He keeps on asking", ƙosawar ta ƙaru. Amma ita ce kuma kalmar ƙarfafa gwiwa: "keep going", "keep at it", da "Keep it up" da malamai suke rubutawa a littafin yaron da ya yi ƙoƙari.

Abu ɗaya da keep ba ta yi shi ne dawowa bayan tsayawa. Ba za ka ce wa ɗalibai bayan hutun rabin lokaci "Let us keep reading from page 12" da nufin mu ɗora ba, continue ce ta dace a nan. Kuma a rubutu mai nauyi akan musanya ta: "Prices keep rising" ta hira ce da kanun jarida, "Prices continue to rise" ta rahoto ce. A wasiƙar aboki a jarrabawa yi amfani da ta farko, a wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma yi amfani da ta biyu.

"Carry on" ta fi yawa a bakin mutanen Birtaniya, kuma mu ma daga can muka gaje ta. Gininta irin na "go on" ne, "carry on working", "carry on with your work", kuma ba ta ɗaukar "to". Wurin da ta fi dacewa shi ne inda wani abu ya so ya katse aiki amma aka ƙi tsayawa. Shugaba ya leƙo ofis, ma'aikata suka miƙe, ya ce "Carry on", wato ku yi aikinku, kada zuwana ya tsayar da ku. Uba ya rasu, 'ya'ya suka riƙe shagon: "His children carried on the business." Wannan ma'anar ta daurewa ce ta sa gwamnatin Birtaniya ta zaɓe ta a 1939, gab da yaƙin duniya na biyu, ta buga takardun manna wa bango masu cewa "Keep Calm and Carry On". Kusan ba a manna su ba a lokacin, sai a shekarar 2000 da aka tsinci guda a wani kantin tsofaffin littattafai a garin Alnwick da ke arewacin Ingila maganar ta bazu a duniya.

Lauyoyi suna da tasu "carry on". A dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020, wadda ake kira CAMA, "carry on business" na nufin gudanar da kasuwanci kawai, ko yau aka fara. Sai kuma ma'anoni biyu da ya kamata a yi hattara da su. A hirar Birtaniya, "Stop carrying on" na nufin daina tayar da jijiyar wuya, kuma "He is carrying on with his neighbour's wife" zargin neman matar maƙwabci ne. Don haka in "with" za ta biyo baya, aiki ya kamata ya bi ta, ba sunan mutum ba. Wanda yake nufin zai ci gaba da aiki da wata ma'aikaciya ya ce "I will continue working with her." Kada kuma a haɗa ta da "carry out", wadda take nufin aiwatarwa, kamar "carry out an order", ko da "carry-over" ta jami'o'inmu, kwas ɗin da aka faɗi za a sake.

Proceed kalmar hukuma ce, kuma ainihin ma'anarta matsawa zuwa mataki na gaba, sau da yawa bayan an ba da izini. A filin jirgi za ka ji "proceed to gate 4", a kotu alƙali ya ce wa lauya "You may proceed", a na'urar cirar kuɗi kuma a tambaye ka ko za ka proceed bayan an nuna maka cajin da za a cire. Kowace ƙaramar kalma da ta biyo ta tana juya ta. "Proceed to" wuri ne ko sabon aiki, "proceed with" abin da aka riga aka shirya ne, "proceed against" shigar da ƙara ce. "Proceed on leave" da ake gani a takardun ma'aikatan gwamnati tafiya hutu ce. Tunda mataki take nunawa, ba ta dace da abin da ba shi da matakai ba: ba a cewa "The rain proceeded all night", kuma ba a cewa "proceed reading". Takwararta a hira ita ce "go ahead". Wani ya ce zai ari bironka, "Go ahead" za ka ce.

Danginta suna rikita ɗalibai. "Proceeds", da ƙarfin murya a gaɓar farko, kuɗin da aka samu ne daga ciniki ko taron neman taimako. "Proceedings" zaman kotu ne ko bayanin abin da ya gudana a taro. "Procedure" da "e" ɗaya ake rubuta ta a tsakiya. "Precede" kuwa wata kalma ce daban, gabata take nufi. Kuma tunda bakin Bahaushe yakan haɗa "p" da "f", yana da kyau a yi atisayen rufe leɓɓa gaba ɗaya a farkon proceed da persist.

Persist nacewa ce. In mutum ne ya yi ta, yawanci ana nufin an hana shi bai hanu ba: "He persisted in parking there." In ciwo ne ko matsala, ana nufin ta ƙi tafiya, shi ya sa tallan magani yake ƙarewa da "if symptoms persist, consult your doctor". Ba a amfani da ita ga abin da ake so ya daɗe, "May peace persist" ba ta yi daɗin ji ba, last ko continue ce ta zaman lafiya. In yabon juriya kake so ka yi, persevere ce kalmar: "She persevered with her studies." Tunda "nace" ta Hausa ta haɗa persist da insist, a riƙe wannan: insist da baki ake yi kuma "on" take ɗauka, persist da aiki ake yi kuma "in" ko "with" take ɗauka.

Last tsawon lokaci take aunawa, daga farko zuwa ƙarshe, ko ƙarkon abu: "The meeting lasted two hours", "This cloth will last". Ba a yi mata ginin da ake ɓoye mai aiki, saboda haka "The meeting was lasted two hours" kuskure ne da ake yawan gani. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya isa misali na yadda kalmomin suke raba aiki a labari ɗaya. Ƙungiyar malaman jami'o'in Najeriya, ASUU, ta shiga yajin a ranar 14 ga Fabrairu, "went on strike". An yi ta zaman sulhu ana tashi ba matsaya, "talks kept breaking down". Yajin bai tsaya ba, "the strike continued". An dakatar da shi a ranar 14 ga Oktoba, bayan ya ɗauki wata takwas, "it lasted eight months". Daga nan aka koma aji, "lectures resumed". In ka sa continue a duk gurabun nan, na farko da na ƙarshe za su ba da labarin da ba shi ne ya faru ba.

"Move on" kuwa, duk da kamar da take yi da sauran, barin abu take nufi. Shugaban taro ya ce "Let us move on", a rufe wannan batu ke nan a shiga na gaba. Wanda yake son a ƙara tattauna batun ya ce "Let us continue with this item."

Sifofin continue guda biyu ma suna buƙatar zaɓe. Continuous abu ne da bai yanke ba, continual abu ne da yake ta dawowa. "Continuous power supply for 24 hours" wuta ce da ba ta ɗauke ba kwana guda cur, "continual power cuts" kuwa ɗauke wuta ne a kai a kai. Turawan kansu ba kullum suke tsare wannan iyaka ba, ga "continuous assessment" ta makarantunmu nan, wadda gwaje-gwaje ne da ake yi lokaci-lokaci cikin zango. Amma a ɗakin jarrabawa, da kuma a yarjejeniyar da kuɗi ya shiga, a riƙe bambancin yadda yake.

Saura "ci gaba" a matsayin suna, inda fassara kai tsaye ta fi yin ɓarna. In aka ce ci gaban labarin jiya, continuation ce. In ɗan siyasa yana kamfe a kan a bar tsarin da ake kai ya ɗore, continuity yake nufi. Amma "ci gaban ƙasa" da "ci gaban al'umma" ba su da alaƙa da continue ko kaɗan, development ce ko progress. Ɗalibin da ya rubuta "Education brings continuation to our society" ya ɗauko ma'anar da ba ita ba, "Education brings progress" ya so ya ce. Progress kuma ba ta da jam'i a wannan ma'anar, ba a cewa "many progresses", sai "a lot of progress". "Ci gaba mai ɗorewa" da ake ji a rediyo, wato muradu 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 da burin cim ma su zuwa 2030, sunansa a Turanci "sustainable development". Aikataun da ke ƙarƙashinsa, sustain, riƙe abu ne kada ya faɗi, kuma dole sai da karɓau: ana cewa "sustain the growth", ba a cewa "the growth will sustain" da nufin zai ɗore, a nan "the growth will last" ake cewa.